Kofin Al'ada a Ƙasar Kazaure: Kafin a Raba Shi, a Nema Masa Harshe

A hutun da ya gabata na je gida ganin dangi. Wata ƙanwata da ke koyarwa a wata makarantar firamare a yankin Acilafiya (haka sunan yake bisa ƙa'idar rubutun Hausa, ko da yake takardun hukuma Achilafiya suke sawa) ta yafuto ni zuwa ɗakinta, ta saki labule, ta zaro wata 'yar jakar yadi daga ƙasan akwati. A cikinta akwai wani ɗan abu mai laushi kamar roba, siffarsa ta ƙaramar ƙararrawa, da 'yar wutsiya a ƙasa, sai takarda guda cike da ƙananan rubutun Turanci. A wurin wani taron bita na yini ɗaya aka raba musu. Ta ce, "Yaya, wata biyar ke nan yana ajiye. Wadda ta kawo da Turanci ta yi bayani, tafintan kuma namiji ne. Da aka zo kan yadda ake sakawa sai ya sunkuyar da kai ya ce, 'To, kun dai gane.' Wallahi ba mu gane ba, kuma babu wadda ta iya ɗaga hannu."

Na karɓi takardar da niyyar in fassara mata a tsaye, ina taƙama da shekarun da na yi ina koyar da darasin fassara. Ban kai layi na huɗu ba na cije. Duk kalmar da na ɗauko, ko dai ta yi batsa a kunne, ko kuma ta yi sakayar da mai sauraro ba zai san inda aka dosa ba. Ra'ayina shi ne wannan abu da kafafen yaɗa labarai ke kira kofin al'ada yana da amfani na haƙiƙa ga matan ƙasarmu, amma raba shi ba tare da bayani da Hausa tsantsa ba ganganci ne da lafiyar mutane. Samar da wannan bayani kuwa aikinmu ne mu manazarta harshe da al'ada, domin likita ya san jiki, amma ba lallai ya san kalmar da za ta shiga ɗakin matar aure a Gwiwa ta fito da mutuncinta ba.

Shi dai wannan kofi ba ya tsotse jini irin na auduga ko tsumma. Ana naɗe shi a shigar cikin farji, ya buɗe ya manne da bango, jinin ya taru a ciki, a ciro a zubar, a wanke a mayar. Ba sabon abu ba ne: wata Ba'amurkiya mai suna Leona Chalmers ta samu rajistar mallakar fasahar irinsa tun 1937, da roba aka yi nata, kuma bai karɓu ba sai a farkon shekarun 2000 da aka fara yin sa da silikon irin wanda ake kayan asibiti da shi. Yana ɗaukar abin da ya kama daga mililita 10 zuwa 38 gwargwadon girmansa, alhali jinin da yawancin mata ke zubarwa a al'ada guda bai cika wuce mililita 80 ba. Mai kyau, idan an kula da shi, yana iya kai wa shekara goma.

Duk wadda ta tashi a gidajenmu ta san dalilin da ya sa wannan lissafi yake da nauyi. Iyayenmu da ƙunzugu suka rayu, kuma har gobe tsumman tsohon zane shi ne madogarar mata da yawa a ƙauyukan Roni da 'Yankwashi da Babura. Tsumma ba shi da laifi in an wanke shi da sabulu an shanya a rana. Kunya ce ke hana shanya shi a tsakar gida, sai a ɓoye shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙyaure, ya bushe da danshi-danshi, a sake ɗaurawa. Audugar mata ta kanti kuwa, Dokar Kuɗi ta 2019 da aka sa wa hannu a Janairun 2020 ta cire wa wadda aka yi a cikin gida harajin VAT, amma tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashinta ya yi tashin gwauron zabi, har ta koma cikin abubuwan da maigida ke jin nauyinsu kowane wata. Ga kuma ɗawainiyar zubar da ita. Mata da yawa sai sun wanke audugar tas, sun ƙulle a leda, kafin su jefa a masai ko su ƙone, don gudun kada jinin ya faɗa hannun mai sammu. Wannan imani ya cancanci a nazarce shi a kan kansa, amma a nan abin lura shi ne kofin ya kawar da matsalar baki ɗaya: jinin masai yake tafiya kai tsaye, ba a bar komai a juji ba.

Hujjar likitoci ma ba ta da rauni. A watan Yulin 2019 mujallar The Lancet Public Health ta buga wani nazari da Anna Maria van Eijk da Penelope Phillips-Howard da abokan aikinsu na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka yi, inda suka tattara bincike 43 da suka shafi mata 3,319. Sun gano cewa yoyon kofin bai fi na auduga ba, wani lokaci ma bai kai shi ba, kuma a bincike 13 da aka yi tambayar, kashi 73 cikin ɗari na matan sun ce za su ci gaba da amfani da shi. Ba su ɓoye illa ba: mata biyar sun samu rauni ko ciwo mai tsanani, shida ƙaiƙayi ko ƙuraje, tara matsalar hanyar fitsari, biyar kuma cutar nan mai haɗari da zan yi magana a kanta nan gaba, sannan mata 13 robar tazarar haihuwa da ke mahaifarsu ta goce. Amma abin da ya fi jan hankalina a nazarin shi ne cewa mace ba ta sabawa da kofin sai bayan ta yi al'ada 'yan lokuta da shi, kuma samun 'yar'uwa mai nuna mata yana ƙara yiwuwar ta ɗore. Wato dai abin magana yake buƙata, ta baki da baki, kuma da harshen da mace ke mafarki da shi.

Matsalar suna

Mu fara da sunan. "Kofin al'ada" fassara ce ta kalma da kalma, kuma ba ta yi mini ba. Kofi a wurin Bahaushe abin shan ruwa ne da shayi, wurinsa kusa da randa. Jinin haila kuwa najasa ne a shari'a, ƙazanta ne a al'ada. Haɗa su a suna guda yana tayar da ƙyama tun kafin a ga abin. Na yi tunanin "ƙoƙo", ganin cewa harshen ya riga ya ara wa jiki wannan kalma a ƙoƙon gwiwa da ƙoƙon kai, sai na tuna da ƙoƙo ake shan fura. Wanda ya fi kowane haɗari shi ne "robar al'ada", wanda na ji wasu na faɗa. A bakin matan karkara "roba" ta riga ta samu ma'ana: akwai robar mahaifa ta tazarar haihuwa, akwai kororon roba. Duk abin da aka ce roba ce, kuma a gaba ake sa ta, kuma wasu baƙi ne suka kawo ta kyauta, to an gama yanke masa hukunci a majalisar ƙofar gida cewa maganin hana haihuwa ne.

Kada mu raina wannan tsoro. Kazaure ba ta da nisa da Kano, inda a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, kuma inda aka dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 saboda jita-jitar cewa yana kashe ƙwayar haihuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun kuma ga yadda kalma ke ɗaure aiki ko ta kwance shi: shekara da shekaru ana cewa "ƙayyade iyali" mutane na toshe kunne, sai da aka koma "tazarar haihuwa", wadda ta dace da abin da Bahaushe ya sani na shayarwa da yaye, sannan aka samu masu saurare.

Shawarata ita ce "matari", ko "matarin haila" a rubutu. Tsarin ginin kalma ne da kowa ya saba da shi, na sunan kayan aiki mai ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar mabuɗi da magogi da mazubi, kuma tushensa shi ne tarar da ake yi wa ruwan sama a bakin indararo. Ya faɗi aikin abin, bai taɓa abinci ba, bai taɓa haihuwa ba. Da shi zan ci gaba a sauran wannan rubutu.

Bayan suna sai jiki. Kalmar "gaba" ta ladabi ce, amma ta tattara komai wuri guda, shi ya sa tambayar farko da ƙanwata ta yi mini ita ce yadda za ta yi fitsari da abin a jikinta. Malama ce, uwar 'ya'ya uku, amma ba a taɓa gaya mata dalla-dalla cewa hanyar fitsari daban take da hanyar jini ba. Tambaya ta biyu ita ce ko zai iya shigewa ciki ya ɓata. Ba zai iya ba, domin farji yana da iyaka, bakin mahaifa ne ya rufe ƙarshensa, kuma kafar da ke wurin ba ta kai ta wuce da irin wannan abu ba. Waɗannan jimloli biyu su ne rabin darasin, amma ba za su faɗu da kalmar "gaba" kaɗai ba.

Abin mamaki shi ne muna da harshen da ya dace, mun bar shi a zaure. Duk yarinyar da ta yi makarantar Islamiyya ta karanta babin haila a Ahalari, ta ji rabe-raben mata uku, mai farawa da wadda ta saba da mai ciki. Wadda ta kai Risala ta ji alamomin tsarki biyu, farin ruwa da bushewa. Malamai maza masu furfura suna fassara waɗannan babuka da Hausa a gaban jama'a, suna cewa farji, suna cewa maniyyi da maziyyi, babu mai jin an yi batsa, saboda rigar ilimi da kalmomin suka sanya. A cikin hadisi ma an ambaci auduga da mata ke sakawa don tare jini ko don duba tsarki, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo yadda mata ke aika wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, irin wannan auduga ta duba musu. Saboda haka masu cewa sanya wani abu a farji lokacin al'ada baƙon abu ne ga Musulma ba su yi bitar karatunsu ba. (Masu cewa Bahaushiya ba ta taɓa saka komai a wurin ba kuwa, sai su zagaya wajen masu sayar da miski da maganin matsi.) Wannan rajistar harshe ta fiƙihu ita ce ta fi dacewa a gina bayanin matari a kanta. Mun yi irin wannan aiki a baya: Ɗalhatu Muhammad ya tsara mana kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990, kuma a 2017 an buga ƙamusun kalmomin ƙanjamau da Ebola na Turanci zuwa Hausa, wanda Farfesa Ahmad Halliru Amfani yana cikin editocinsa. Lafiyar mata ba ta samu nata ba tukuna.

Abin da takardar ta kasa faɗa

Ko da an fassara takardar kamfani daidai, ba don mu aka rubuta ta ba. Dubi batun zaɓen girma. Yawancin kamfanoni suna cewa ƙarami na wadda ba ta kai shekara 30 ba kuma ba ta haihu ba, babba na wadda ta wuce haka ko ta haihu. A jihar da binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya kimanin bakwai, 'yar shekara 22 tana iya kasancewa da haihuwa uku, don haka shekaru ba ma'auni ba ne a nan, haihuwa ce ma'auni. Sai tsawon wurin: mace ta wanke hannu a kwanakin al'ada ta taɓo bakin mahaifa da yatsa, in ta same shi a gaɓar farko gajeren matari take buƙata, in sai yatsan ya shige duka, dogo. In wutsiyar tana sukar ta, a ciro a rage ta da almakashi. Haka kuma macen da ke tsakanin ciki da goyo shekara da shekaru al'adarta kaɗan ce, ribar da za ta samu ba ta kai ta malamar makaranta ko ɗaliba ba, kuma gaskiya ce a gaya mata hakan.

Sai inganci. Nazarin 2019 ya ƙirga samfura 199 a ƙasashe 99, farashinsu daga ƙasa da dala ɗaya zuwa sama da dala 46. Tazarar nan kaɗai ta isa gargaɗi. Abin da zai yi sa'o'i a cikin jiki dole ya zama silikon na asibiti, da sunan kamfani da adireshinsa, kuma a nemi lambar rajistar NAFDAC. Wanda ake tallatawa a WhatsApp tare da kayan mata, babu kwali babu takarda, yana warin roba ko yana danƙo a hannu, a bar wa mai shi. Araha ba ta ado.

Wurin cirewa ne aka fi jin ciwo, kuma nan ne na fi shan wahalar fassara, har sai da na tuna da wanzami. Matari yana kama jiki ne kamar yadda ƙaho ke kama fata. Wanzami ba ya fizge ƙaho, sai ya buɗe 'yar kafar sama iska ta shiga, ƙahon ya saki da kansa. Haka matari: ba a jan wutsiya da ƙarfi, ana matse gindinsa da yatsu biyu, ko a tura yatsa ta gefe a danna bakinsa, iska ta shiga, sannan a zaro a hankali. Da na faɗa wa ƙanwata haka ba ta sake tambaya ba. Wannan ya fi muhimmanci ga mai robar mahaifa, wadda bai kamata ta fara ba sai ta ga ma'aikaciyar da ta sa mata.

Takardar ta ce a zubar duk bayan sa'a 4 zuwa 12. Matar da ke surfe da ɗiban ruwa ba da agogo take aiki ba, amma ko tana fashin salla tana jin ladan. Ni zan ce da asuba, da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya, kuma a ranakun da jini ya yi yawa a ƙara. Na zaɓi taƙaitawa da gangan, domin hukumomin lafiya na Faransa sun fi karkata ga gajeren lokaci, har suna ba da shawarar a kwana da auduga ta waje. A nan muna da fifiko guda a kan Turawa: mu masu buta ne, ba ma shiga bayi ba ruwa, don haka ɗauraye matari bai zama sabon ɗabi'a ba, kuma ruwan da yake ci bai kai na wankin tsumma ba. Muna kuma da haɗarin da ba su da shi, wato bakin masai. Kada a ciro shi a saitin rami, a matsa gefe a wurin wanka. In ya faɗi ƙasa, ba ya komawa jiki sai an tafasa.

A kula da kalmar "tafasa". Na ji an fassara wannan mataki da "a wanke da ruwan zafi", kuma kuskure ne mai iya cutarwa. Kafin amfanin farko da bayan kowace al'ada, ana sa shi a ruwa mai yawa ya yi ta tafarfasa kamar minti biyar zuwa goma, ba tare da ya kwanta a gindin mazubin ya ƙone ba. A gidan da kishiyoyi da facaloli ke girki a murhu ɗaya, babu wadda za ta sa wannan abu a tukunyar miya, kuma bai kamata ba. Wankakken gwangwani mai murfi, wanda aka keɓe don haka, ya wadatar a kan ɗan kurfoti a ɗaki. In ya bushe a ajiye a jakar yadi, ba a leda ba. Ba a wanke shi da Dettol ko Izal ko bilic ko sabulu mai ƙamshi, ba a shafa masa man shafawa don ya yi santsi, ruwa ya isa. Hannu kuwa da sabulu, kafin da bayan. Mu mutane ne masu aron zane da sarƙa da gyale, don haka dole a faɗa ƙarara cewa wannan ba a aro, ko tsakanin uwa da 'ya. Mai jinin biƙi ba ta amfani da shi, haka mai ciwon sanyi sai ta warke. Wadda aka taɓa yi wa yankan gishiri ko angurya, ko ta yi aikin yoyon fitsari a Jahun ko Babbar Ruga, sai likita ya duba ta tukuna.

Duk wannan ya dogara ga ruwa. Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasar duwatsu ce, ba irin rairayin gabashin Jigawa ba, rijiya tana wuyar haƙa, kuma da bazara jarka tana tsada. A Oktoban 2022 an ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili, abin alfahari ne, amma masai daban, ruwa da sabulu da ƙyaure mai sakata daban. Makarantar da ba ta da waɗannan uku ba ta shirya karɓar matari ba.

Cutar da na ce zan dawo kanta ita ce wadda dafin wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus ke haddasawa idan jini ya daɗe a tare. Ba ta cika faruwa ba, amma tana kisa cikin kwanaki. Ita ta sa aka janye audugar cusawa mai suna Rely daga kasuwannin Amurka a 1980. Wani gwajin ɗakin bincike da aka yi a Liyon ta Faransa, aka buga a 2018, ya nuna ƙwayar tana iya yaɗuwa a jikin matari ta manne masa yadda ɗauraya kaɗai ba ta fitar da ita, shi ya sa masu binciken suka fi son mace ta mallaki biyu, tana tafasa ɗaya tana sanye da ɗaya. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa, jiri, ciwon jiki, da jan fata kamar ƙuna, wanda da wuya a gan shi a baƙar fata. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san abin da za a ce: maleriya ce ko taifot, a aika yaro kemis. Jimlar da ta fi kowace daraja a duk bayanin da za mu rubuta ita ce wannan: in zazzaɓi ya rufe ki kina sanye da matari, ki cire shi nan take, a kai ki babban asibitin Kazaure ko na Babura ko wanda ya fi kusa, kuma ki buɗe baki ki gaya wa likita abin da kika sa. Kunyar faɗin wannan kalma guda tana iya sa a yi ta maganin cutar da ba ita ba.

Budurwa fa?

Nan ne zan saɓa da wasu abokan aikina masu fafutukar ilimin 'ya'ya mata. Sun kafa hujja da Kenya, inda aka gwada matari a makarantun firamare 30 a yankin Siaya da 'yan mata masu shekara 14 zuwa 16, aka buga sakamakon a 2016, kuma ya yi kyau. Gaskiya ne. Amma a can ma'aikatan jinya sun riƙa bibiyar yaran, an ba su sabulu, iyaye sun amince tun farko. Gaskiya ne kuma cewa tantanin budurci ba murfi ba ne, zobe ne mai kafa wanda siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, kuma a Oktoban 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duba shi ba ya tabbatar da komai. Malaman fiƙihunmu ma sun daɗe da bai wa wadda nata ya gushe ta hanyar tsalle ko faɗuwa hukuncin budurwa. Duk da haka matari yana iya miƙar da tantanin ko ya tsaga shi, kuma ko da al'adar shimfiɗa farin ƙyalle a daren farko ta ja baya, tunanin da ya haife ta yana nan a zukatan angwaye da iyayensu. In abin ya ɓaci, yarinyar ce za a mayar gida da baƙin suna, mai raba kayan tana Abuja tana rubuta rahoto.

Don haka ni a ganina a fara da matan aure masu so: malaman makaranta, ungozomomi, ma'aikatan lafiya, ɗalibai matan aure irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. In sun saba, su za su zama masu koyarwa, irin tsarin jajis da Nana Asma'u ta kafa wa 'Yan Taru a ƙarni na 19, inda mace ke ɗaukar karatu ta kai wa mata har gida. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yan mata kuwa a wadata su da audugar da ake wankewa a sake amfani da ita, wadda telolinmu za su iya ɗinkawa, a koya musu shanya ta a rana. Budurwar da ta zaɓi matari da sanin mahaifiyarta, bayan an gaya musu gaskiya duka, ba ta yi laifi ba. Abin da nake ƙi shi ne a jera yara a filin makaranta ranar 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya, a miƙa musu a ɗauki hoto.

Akwai tambayoyi biyu da suka fi ƙarfina, ina miƙa su ga abokan aikinmu na sashen nazarin addinin Musulunci, kuma gara su amsa tun kafin jita-jita ta amsa. Ta farko: mai sanye da matari ba ta ganin komai a waje, to a kwanakin ƙarshe tana iya yin tsarki da hantsi ba ta sani ba sai dare, salloli su wuce ta. Abin da na ga ya fi aminci shi ne in jini ya ja baya ta ajiye shi, ta koma duba farin ruwa ko bushewa da auduga yadda aka saba, amma hukuncin na malamai ne. Ta biyu ta shafi mai jinin cuta, wadda ke salla da azumi: matari zai tsare mata tufafi daga najasa, to mene ne matsayin saka shi da rana a watan Ramadan?

Daren nan ni da ƙanwata mun cika shafi ɗaya da rabi na littafin rubutu, da ƙaho da gwangwani da kiran salla a ciki. Watanni uku bayan haka ta kira ni ta ce wata na farko ta kusa jefar da shi, na biyu ya yi mata yoyo sau ɗaya a aji, na uku ta manta yana jikinta har sai da aka kira azahar. Malamai biyu sun kwafi shafin da hannu. Na tambaye ta ko sunan matari ya karɓu, sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, wannan na ku ne na jami'a. Mu ƙararrawa muke ce masa, don ko a gaban hedimasta sai mu tambayi juna."